Daga Aliero zuwa Argungu: Bin Sawun Shara

Motar haya ce ta ɗauko mu daga Sakkwato da sassafe, ta bi ta Boɗinga, ta wuce Shagari da Tambuwal, kuma tun kafin direba ya ce ga Aliero, hanci ya riga ya sanar da mu. Ƙarshen watan Maris ne, ana tsakiyar cirar albasa. Hagu da dama na titi buhuna ne jere, 'yan dako na ta ɗora su kan tirelolin da za su gangara kudu, zufa na ɗiga musu tun hantsi bai gama dubawa ba.

Abu biyu ya kawo ni. Ɗiyar ƙanwata tana aji uku a jami'ar garin, uwarta ta haɗa ni da saƙon garin kunu da yaji da man shanu. Sai kuma wani abokina tun na makarantar sakandare da yake koyarwa a can, wanda ya daɗe yana damuna a waya cewa in zo in ga yadda yaransa suke auna shara. Ya san inda zai kama ni. Na yi aikin duba-gari shekaru da dama kafin in koma aji, kuma har yau idan na sauka a baƙon gari, kwata da juji nake fara leƙawa kafin in tambayi hanyar fada.

Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kebbi an kafa ta ne a 2006, zamanin gwamna Adamu Aliero, ɗan garin, daga baya kuma aka raɗa mata sunan Malam Abdullahi Fodiyo, wanda daga gare shi sarautar Gwandu ta faro. Ita kanta jihar a 1991 aka yanke ta daga Sakkwato. Abin da ya fi jan hankalina shi ne inda aka ajiye makarantar: a tsakiyar ƙasar noma, a garin da duk wanda ke harkar albasa a Najeriya ya san sunansa.

Yarinyar ta same ni a inuwar wata darbejiya kusa da ɗakunan kwanan mata. Muka gaisa, na miƙa saƙo, sai na lura da wani buhun shinkafa da aka rataye a jikin ƙusa bakin ƙofa, cike da ledar fiya wata da aka shanye.

“Wannan fa?”

“Namu ne, Kawu. Duk wadda ta sha ruwa nan take jefa ledar. In ya cika mu kira mai jari bola ya auna ya ba mu kuɗi.”

“Kuɗin ya kai na me?”

Ta yi dariya. “Na omo da tsintsiya dai. Amma ka dubi ƙofar ɗakinmu, ka dubi titin tasha.”

Na duba. Ƙofar tasu fes take. Ta ce ba wani ne ya kafa musu doka ba, wata ce daga cikinsu ta ɗauko dabarar a ajin abokin nan nawa, ta kawo ɗaki, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Gorar lemo kuwa ba ta ma kaiwa buhu, masu zoɓo da kunun aya sun riga sun yi kamun ta. Da za ta sayo mini abincin rana, kula ta ɗauko daga ɗaki ta tafi da ita wurin mai abinci, ta dawo da shinkafa da wake da zafinsu. Ta ce mai abincin takan ƙara wa mai kula rabin ludayi, don ya rage mata kuɗin robar tekawe. Wannan lissafin ya burge ni, domin babu wa'azi a cikinsa. Mai sayarwa ta ci riba, mai saye ya ci riba, roba guda ba ta shiga kwata ba.

Da la'asar abokina ya ja ni bayan wani gini, inda ɗalibansa suka shimfiɗa tamfol. Aikin aji ne ya ba su, da maki a kansa. Sun tattaro sharar da ta fito daga wasu ɗakuna da shagunan abinci, sun juye ta gaba ɗaya, kowa da safar hannu da takunkumi, suna tsincewa. Ɓawon doya da na albasa da ragowar tuwo gefe guda. Leda gefe guda. Gorori da gwangwanin madara da na tumatir gefe guda, takardun da aka gama jarrabawa da su gefe guda. Wani dogon yaro ya rataye sikelin nan mai ƙugiya a reshen bishiya, ana ɗora buhu yana kiran nauyi, wata kuma tana rubutawa a littafi tana toshe hanci da gefen hijabi. Ƙudaje sun samu biki. Wani ya tsinto cokali mai kyau a cikin ragowar miya, aka yi ta tsokanarsa wai ya samu jari.

Abin da ya fito bai ba ni mamaki ba, amma su ya ba su. A ido leda ce ta cika tamfol, ita ce iska ke ɗauka ana bi da gudu. A sikeli kuwa abinci da ɓawo suka rinjayi kowa, da nisa. Haka abin yake a yawancin garuruwanmu: mafi nauyin abin da muke zubarwa abu ne mai ruɓewa, wanda gona ke nema ruwa a jallo. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna sayen sharar birni a kai musu gona a matsayin taki. Abin da ya ɓata wannan tsohuwar ma'amala shi ne leda da batir da fasasshen gilashi da suka cakuɗe da ita, har ta kai manomi ya zuba taki bana ya yi shekaru yana tsintar leda a kunya.

Don haka suka haƙa rami a gefe. Abokina ya nuna mini yadda suke jera shi: busasshen ganye da kara a ƙasa, ragowar abinci a kai, kashin awaki ko na kaji, ɗan toka, sannan a sake rufewa da busasshe. Bayan 'yan kwanaki ya ce in ka tura hannu ciki za ka ji zafi, alamar ƙananan halittun da ke cin kayan sun kama aiki. Matsalarsu a Aliero rana ce. A irin wannan watan zafi yakan haura digiri 40, ramin ya bushe ƙayau, aiki ya tsaya. Sai suka yi masa rumfar zana, suna shayar da shi ruwan wankin shinkafa da na alwala, suna juya shi da shebur lokaci-lokaci don iska ta shiga. Na tura hannuna. Da zafinsa kuwa, kuma ba ya wari irin na juji, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yake yi.

Da dare muna shan shayi a ƙofar gidansa, ya ba ni labarin inda wannan magana ta samo asali a duniyar jami'o'i. A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa guda 17, na 12 a cikinsu shi ne na tattali wajen sarrafa kaya da amfani da su, kuma a ƙarƙashinsa akwai burin rage abincin da ake zubarwa a kasuwa da gidaje da rabi kafin 2030. Daga 2019 mujallar Times Higher Education ta Birtaniya ta fara jera jami'o'in duniya bisa yadda suke bin waɗannan muradu, har da yadda suke sarrafa shararsu da yadda suke rage roba. Tun daga nan jami'o'i da yawa suka shiga sayen kwandunan shara masu launi-launi suna ɗaukar hoto.

Nan na ce masa ra'ayina, kuma ra'ayin tsohon duba-gari ne. Kwando kore da shuɗi da rawaya ba ya rage komai idan da yamma mota guda ce za ta zo ta juye su duka a wuri guda. Na ga an yi haka a ofisoshi ba sau ɗaya ba. Rarraba shara tana da ma'ana ne kawai idan kowane kashi yana da mai jiran sa: leda tana da mai saye, gora tana da mai zoɓo, ɓawo yana da rami ko mai akuya. Buhun yarinyar nan da ke rataye a ƙusa ya fi kwandon dubban nairori aiki, saboda an san wanda zai zo ya ɗauka.

Bai musa ba. Ya ma ƙara da cewa duk abin da suke yi a cikin makaranta ƙaramin alhaki ne idan aka dubi abin da ke faruwa a bayan katanga. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2011 cewa kusan kashi ɗaya bisa uku na abincin da ake nomawa a duniya, wajen tan biliyan 1.3 a shekara, ba ya shiga cikin kowa. A ƙasashen masu kuɗi, yawancinsa a kanti da faranti yake salwanta. A wurinmu kuwa tun a gona da rumbu da kan hanya yake tafiya. Ɗalibin da ke ƙirga kuɗin abincinsa ba ya barin loma a kwano, kuma in ya bari akwai almajiri a bakin ƙofa. Asarar tana can wurin manomi.

Washegari muka je muka gani. Wani dattijo ne, mahaifin ɗaya daga cikin ɗalibansa, ya karɓe mu a bakin gonarsa. Ya nuna mana rudu, rumfar kara da ciyawa da ake ɗaga ƙasanta da itace a jibge albasa a kai don iska ta riƙa ratsawa. Lissafin manomin albasa a bayyane yake. Lokacin cira kowa ya fito da tasa, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi warwas. Wanda ya iya riƙe tasa har damina ta wuce, zuwa ƙarshen shekara, shi ke sayarwa da daraja. Amma albasa ba gero ba ce, ruwa ne cike da cikinta. Tana nan ajiye tana ramewa, wata ta tsiro, wata ta ruɓe, kuma guda ɗaya in ta ruɓe sai ta ja maƙwabtanta.

Dattijon ya tsuguna ya zaro wata daga ƙasan tarin bara da ya rage masa a kwando, ya danna wuyanta da babban yatsa. Yatsan ya nutse, wani ruwa mai ɗoyi ya fito.

“Ka gani, Malam? Daga wuya taka farawa. Buhun da munka aje, in Allah ya kai mu sanyi, ba shi ne muka kwashewa ba.”

Abokina ya tambaye shi yaushe yake daina ban ruwa kafin cira.

“Da dai har ana gobe cira muna ba ta ruwa, don ta yi nauyi. Ɗiyan nan naku sunka ce a ɗauke ruwa da wuri, a bari ganye shi kwanta, in an cire a shanya ta inuwa har wuya shi bushe kahin a yanke. Na gwada ga rabi.”

“To, ya ka gani, Baba?”

“Rabin da na gwada ya hi daɗewa. Amma dillali nauyi shika saye, ba daɗewa ba.”

Wannan amsar ta tsaya mini. Ilimin da ake buƙata ba ɓoyayye ba ne: a rage takin zamani mai yawan sa ganye a ƙarshen noma, a ɗauke ruwa kafin cira, a bar wuya ya bushe ya rufe don kada cuta ta samu ƙofa, a tsince mai rauni kafin a ajiye, kada a jibga tari ya yi tsawon da na ƙasa za su murƙushe, a riƙa dubawa ana cire wadda ta fara. Duk malamin gona ya san wannan. Abin da ke da wuya shi ne manomin da bashi ke bin sa, mai jiran kuɗin taki da na fetur ɗin injin ban ruwa, ba ya da sararin jira. A ganina nan ne jami'ar da ke zaune a irin wannan gari take da aikin da babu mai yi mata: ta gina rudu iri-iri a gonarta, ta auna wanne ya fi riƙe albasa a zafin Aliero, ba a zafin wata ƙasa ba, ta faɗa wa manoma da harshensu, da kuɗin da kowanne zai ci.

Kafin mu tafi, matar gidan ta aiko mana da gabu a ƙullin takarda. Lawashin da aka yanke ne ake dakawa a dunƙule a shanya, ya zama kayan miya da zai kai wata da watanni. Tun kafin a haifi Majalisar Ɗinkin Duniya matan ƙasar nan suke haka. Ɓawo na akuya, dusa ta saniya, toka ta gona, tsohon zane ya koma tsumma, ƙwarya in ta fashe a ɗinke. Addini ma ya riga ya yi magana, ayar da ke cikin Suratul A'araf ta ce a ci a sha kada a yi ɓarna, kuma kowane yaron makarantar allo ya taso da jin ta. Tattali ba baƙon abu ba ne da jami'a za ta koya wa Bakabe. Abu guda ne ya shigo wanda tsohon tsarin bai san yadda zai yi da shi ba, shi ne leda.

A Jega na ga ƙarshen wannan magana. Na sauka don canza mota, na zaga kasuwa, na tsaya wurin mahauta ina cinikin tsire. Na tambayi wani mai fiɗa ko yana samun leda a cikin dabba. Bai ce komai ba, ya nuna mini gefe da wuƙa. Wani dunƙule ne baƙi, murɗaɗɗe kamar gammo, da ya ciro daga tumbin akuya da safen nan.

“Kullum ne, Alhaji. Dabba ta ci ta ci ba ta ƙiba, mai ita shi ce mayu ne. Ga mayun nan.”

Leda ba ta narkewa a ciki. Tana taruwa ta cike tumbi, dabba ta ji kamar ta ƙoshi alhali yunwa ke cinta. Wadda akuya ba ta haɗiye ba tana kwalbati tana jiran ruwan farko, ta toshe hanya, ruwa ya kwanta, sauro ya samu gida. Wadda aka tara aka cinna wa wuta kuma hayaƙinta guba ne, kuma yara ne suka fi tsayawa kusa da shi.

Ruwanda ta hana ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, Legas ta hana farar robar zuba abinci a watan Janairun 2024. Na sha jin masu cewa mu ma a hana kawai. Ni dai ina da ja a kan ledar ruwa. Wanda ke tafe a rana irin ta Jega bai sayi fiya wata don ƙawa ba, ya saya ne don bai yarda da ruwan da ke kusa da shi ba, ko ma babu shi. Ka hana shi ba ka ba shi famfo mai tsabta ba, ka tura shi ga ruwan da zai kwantar da shi asibiti. Shi ya sa nake ganin jami'a ce wurin da ya fi sauƙin gwada gyara. Gari ce guda mai hukuma ɗaya: ita ke ba da shago haya, ita ke da rijiyar burtsatse da tanki, ita ke da ɗakin gwaji da zai tabbatar ruwan ya shawu. Duk jami'ar da ta sa famfunan ruwan sha masu tacewa a bakin azuzuwa, ta manna sakamakon gwajin a jiki kowa ya karanta, ta sa sharaɗin kwanon wankewa a yarjejeniyar masu abinci, za ta ga leda ta ragu ba tare da ta kori kowa ba. Kuma yaran da suka saba da haka shekara huɗu su ne gobe shugabannin ƙananan hukumomi da masu gidajen abinci.

Daga Jega na bi ta Kalgo, inda Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, take da mazauninta. Ban tsaya ba. Na kwana a Birnin Kebbi, na ci tuwon shinkafa da miyar kifi, da safe na kama hanyar Argungu.

Nan kuma ƙasar shinkafa ce, fadamar gulbin Rima shimfiɗe kore shar da noman rani. A Birnin Kebbi ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin nan na ba manoma rance ta hannun Babban Bankin Najeriya a watan Nuwamban 2015, kuma a 2017 aka buɗe babban kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu. Noma ya ƙaru, injinan casa manya da ƙanana suka yawaita, ɓuntu ma ya ƙaru, domin kusan kashi ɗaya bisa biyar na nauyin shanshera ɓuntu ne. Dabba ba ta ƙaruwa da shi kamar dusa, kuma ba ya saurin ruɓewa, saboda sinadarin yashi da ke jikinsa. A bayan wasu ƙananan injina sai ka ga tsauni guda, wani gefen yana cin wuta a hankali kwana da kwanaki.

Na leƙa Matan Fada, inda ake bikin kamun kifin da aka faro a 1934, wanda UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa a jerin al'adun duniya a 2016. Ba lokacin biki ba ne, ruwan shiru. Wani masunci ya tuna mini cewa wannan yanki ba a shiga a yi su a cikinsa sai an ba da izini, ana barin kifi ya hayayyafa ya girma. Ban daɗe ba, rana ta kore ni.

Wurin wani mai ƙaramin injin casa na ƙarasa yinin. Mata masu turara shinkafa suna ta zuwa da buhuna suna ɗibar ɓuntu, da shi suke hura wutar tukwanensu maimakon itacen da ya yi tsada. Masu kiwon kaji ma suna zuwa, shimfiɗa suke yi da shi a ɗakin kaji, in ya haɗu da kashi ya koma taki. Manyan kamfanoni kan ƙona nasu a tukunyar tururi su rage kuɗin mai. Ana iya matse shi ya zama dunƙulen makamashi a madadin gawayi, tokarsa kuma masu binciken gini sun daɗe suna gwada ta a cikin siminti. Duk da haka abin da ake ɗiba a wurin mutumin nan bai kai abin da injin ke fitarwa ba, tarin kullum ƙaruwa yake.

Na tambaye shi ko masu ilimi sun taɓa zuwa.

“Sun zo, ranka shi daɗe. Wasu ɗiyan makaranta, da wata ƙaramar na'ura ta ƙarhe. Sunka kwaɓa shi da sitaci, sunka matse, sunka shanya nan inda kake tsaye. Uwargida ta dafa abinci da shi, ya ci wuta kuwa, sai dai toka ta yi yawa.”

“Sai aka yi yaya?”

“Na ce su yi man lissahi, nawa na'urar take, buhu nawa zan yi ga wuni, nawa zan saisuwa in ci riba bisa ga mai gawayi. Sunka ɗebi buhu biyu sunka tahi da shi, sun ce sai sun gama jarrabawa su dawo da amsa.”

Ya tashi ya ja igiyar injin, ƙara ta cika wurin, ni kuma na nufi tasha neman motar Sakkwato.